Yadda ake tayar da tsohuwar rikoda mai faifai biyu ba tare da an yi asarar zare ba

Duk wanda tsohuwar rikoda mai faifai biyu ta faɗo hannunsa, ko gado ya ci ko saye ya yi, abu na farko da zuciya take raya masa shi ne ya jona ta da wuta, ya ɗora zaren da ya fi ji da shi, ya danna ya ji me za ta ce. A nan ake yin mafi yawan ɓarna. Injinan da suka fi yawa a hannun mutane yanzu, irin su Revox A77 da ta fito a 1967, da ƙanwarta B77, da Akai 4000DS, da TEAC A-3340, da Pioneer RT-707, yawancinsu sun haura shekara 40. Ƙarfensu yana nan daram, amma robar cikinsu ta bushe ko ta narke, giris ya daskare, wasu kayan wutar kuwa filogi kawai suke jira su tashi da hayaƙi. Inji ana gyara shi, ko da an sha wuyar neman kayansa. Zaren da aka ɗauki murya a kansa sau ɗaya tak, idan ya miƙe ko fatarsa ta kankare, ya tafi ke nan.

Ni ma sai da na ji a jikina na koya. Na taɓa ɗora zaren wata hira da ba ta da kwafi a kan injin da ban gwada birkinsa ba. Na saurare ta lafiya lau. Da na zo mayar da zaren baya a guje na danna tsayawa, sai faifai ɗaya ya ƙame cak, ɗayan ya ci gaba da ja. Wajen taƙi biyu na zaren ya miƙe ya zama kamar igiyar takalmi, maganar da ke wurin kuwa har yau ba a jin ta. Tun daga ranar na ɗaure wa kaina tsari: a fara da abin da ido da hannu za su iya, sannan wanki, sannan roba da birki, notunan saiti kuwa su ne na ƙarshe, idan ma an kai gare su.

Kafin ka taɓa filogi

Nemi littafin gyara na ainihin samfurin injinka. Littafin mai amfani da inji daban, na masu gyara daban, kuma na biyun ne yake ɗauke da zanen wayoyi da ma'aunin birki da inda kowane noti yake. Tanadi sukurdireba masu kai daban-daban, mitar gwajin wuta, ƙarfen dalma, sifirit mai ƙarfi na isofurofil mai kashi 99, tsinken auduga da yawa, man keken ɗinki, farin giris, da wani zare na banza wanda ba za ka yi kuka ba idan ya tsinke.

Juya injin ka karanta farantin da ke bayansa. Lambobi biyu kake nema. Na farko ƙarfin wuta: wanda aka ƙera don kasuwar Japan bolt 100 yake sha, na Amurka 120, na Turai 220 zuwa 240. Wasu suna da mazaɓi a baya da ake murɗawa, ka tabbata yana kan wutar da kake da ita, kada ka yarda cewa mai shi na baya ya bar shi daidai. Na biyu shi ne 50 Hz ko 60 Hz, wanda mutane suka fi mantawa. Injina da yawa moton jan zarensu da bugun wutar gida yake auna gudunsa. Wanda aka yi wa 60 aka jona shi a 50 zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, murya ta yi kauri kamar ta mai jin barci, kuma taransifoma ba ta maganin wannan. Wasu suna da makunni da kuma wurin da ake sauya bel zuwa wani layin ƙafar moto, sai an yi duka biyun. Irin su A77 ba ruwansu da wannan, don na'urar cikinsu ce take riƙe gudun.

Yanzu buɗe bayan, filogi a cire. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, ka riƙa ɗauka a kowane mataki, domin sifirin ɗin da ka rantse za ka tuna mazauninsa, bayan kwana uku ba za ka tuna ba. Sa hanci ka shinshina. Warin ƙuna yana nufin akwai abin da ya riga ya mutu. Duba kafasitoci: wadda ta kumbura, ko ta zubar da wani farin gari ko ruwa a gindinta, ta gama aiki. A injinan Turai na shekarun 1970, musamman Revox da Studer, akwai wasu ƙananan kafasitoci masu kusurwa huɗu, launin zuma, ana hango cikinsu, da sunan RIFA a jiki. Jikinsu yana tsattsagewa da tsufa, danshi ya shiga, ranar da suka ga wuta su fashe da hayaƙi mai ɗoyi. Waɗannan ba a gwada su, cire su ake yi a sa sababbi masu lamba iri ɗaya, na ajin X2 idan a kan layin wutar gida suke. Manyan kafasitocin da ke kusa da motoci ma ka sa musu ido, don idan suka raunana moto yakan yi zafi ko ya kasa ja.

Juya mazaunin faifai biyun da hannu, ka juya babban gammon ƙarfen da ke bayan sandar jan zare. Su juya sumul. Wanda ya cije, kada ka ba shi wuta da fatan moto zai kwance shi, ƙonewa moton zai yi.

Kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan lantarki. Ana samun tsohon ƙwai mai zaren wuta a ciki, wat 60 zuwa 100, a haɗa shi a jere da injin ta yadda wuta sai ta ratsa ƙwan kafin ta isa. Idan ƙwan ya yi haske ɗan lokaci ya dushe, alama ce mai kyau. Idan ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta take haɗewa, kashe nan take ka nema. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aikin. Kuma a kiyaye: kafasita tana riƙe wuta bayan an cire filogi, injinan da ke aiki da kwalaben gilas na lantarki a madadin taransista kuwa suna ɗauke da ɗaruruwan bolt. Wanda bai saba aikin wuta ba, wannan ɓangaren ya miƙa wa wanda ya saba, sauran duk zai iya da kansa.

Wani abu da ke ruɗar sababbin shiga: ka kunna, fitila ta kama, ka danna maɓalli, shiru. Kafin ka yanke hukuncin ya mutu, ɗaga ɗan hannun ƙarfen da ke gefen dama na hanyar zare. A yawancin injinan Japan wannan hannun makunni ne, in babu zare da ya ɗaga shi moto ba zai tashi ba.

Wankin hanyar zare

Cire murfin hed, wato ƙananan kawunan da zare yake shafa wajen ɗaukar murya da sauraronta. A inji mai hed uku, daga hagu zuwa dama za ka ga na gogewa, na ɗauka, sannan na sauraro. Tsoma tsinken auduga a sifirit, matse shi kada ya ɗiga, ka goge fuskar kowane hed a hankali, kana bin yadda zare yake wucewa. Audugar za ta fito ja-ja kamar an shafa ta a tsatsa. Canza wata, ka ci gaba har sai ta fito fara. Kada ka tsaya a hed kawai. Duk ƙarfen da zare yake gogar jikinsa sai an wanke: sandunan da ke saita masa hanya, musamman lungunansu na sama da ƙasa inda datti yake taruwa ya ƙeƙashe, hannayen da ke ɗaga zare, da sandar jan zare, wadda masu gyara suke kira kafstan. Wajen wanke kafstan ka kwantar da injin ko ka karkata shi yadda sifirit ba zai gangara cikin mazauninsa ya wanke man da ke ciki ba. Dattin da ya ƙi fita, jiƙa shi ka jira, ko ka sa tsinken itace. Ƙarfe ba ya taɓa fuskar hed, ko da wasa.

Sifirit mai kashi 70 da ake goge rauni da shi ruwa ya yi masa yawa, wani ma da mai a ciki. A bar shi.

Tunda hed ya fito fes, haska shi da tocila ka duba. Ja farcenka a hankali daga sama zuwa ƙasa a kan fuskarsa. Idan farce ya maƙale a wani gefe, zare ya ci rami a wurin. Ƙaramin rami ana zaune da shi. Mai zurfi yana kama gefen zare yana hana shi kwanciya daidai, sai sauti ya riƙa ɗaukewa a sifika ɗaya. Akwai masu sana'ar goge fuskar hed su daidaita ta, matuƙar akwai sauran nama a jikinsa. Idan kuwa tsagar tsakiya ta buɗe har ido yana ganin ta a wani ɓangare, sai sauyi. Hed ɗin Akai masu alamar GX, da aka yi da gilas da ferayit, da wuya su ci rami, shi ya sa mutane suke son su, sai dai su ma sukan ɓantare a bakin tsaga.

Roba, giris da mai

Robar da ke matse zare a jikin kafstan, wato rola, ita da kafstan ne suke yanke gudun zare, ba faya-fayan ba. Danna ta da farce. Lafiyayya tana lotsawa kaɗan ta dawo, fuskarta ba ta ƙyalli. Wadda ta yi tauri tana sheƙi kamar kwalba za ta bar zare ya riƙa zamewa. Wadda ta yi laushi tana manne wa yatsa ta fi haɗari, don za ta kama zare ta naɗe shi. Wanke ta da ɗan ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano, ka bari ta bushe sarai. Yawan shafa mata sifirit yana busar da ita. Wadda ta mutu kuwa babu wani ruwa da zai raya ta, sabuwa za a saya ko a ba masu zuba sabuwar roba a kan tsohon ƙarfen. Ni ban yarda da gogar ta da sanfefa ba, domin da hannu ba za ka taɓa mayar da ita zagaye daidai ba.

Bel kuma iri biyu yake mutuwa. Ko ya saki ya yi tsawo, ko ya narke ya zama baƙar kwalta da ke bin hannu da tufafi. Mai narkewar sai ka kankare shi tas da sifirit daga kowane layi kafin ka sa sabo, in ba haka ba ragowar za ta sa gudu ya riƙa tangaɗi. Sayi bel na ainihin samfurin. Wanda ya matse fiye da kima yana cin mazaunin moto.

Sai giris. Idan ka danna sauraro ka ga rola tana tafiya zuwa kafstan a hankali kamar hawainiya, ko ba ta isa ba sam, kusan kullum tsohon giris ne ya daskare a gindin hannun da ke ɗauke da ita. Injinan TEAC na jerin A da na Sony da yawa sun shahara da wannan. Ƙara mai a kan tsohon giris aikin banza ne, bayan mako biyu zai koma. Kwance hannun, wanke sandar da ramin da sifirit har su yi ƙyalli, shafa sabon giris siriri, mayar. Idan ya ƙi fitowa, ɗan ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, kada ka sa ƙarfi, don wasu sassan da tattausan ƙarfe aka zuba su, karyewa suke.

Mai kuwa ɗigo ɗaya ko biyu ne a mazaunin kafstan da na moto, inda littafin ya nuna kawai. Man feshi na kwance tsatsa ba man inji ba ne, kada ya kusanci wurin. Duk man da ya taɓa kafstan, rola, bel ko birki, a goge shi nan take.

Birki, da gwaji da zaren banza

Yanzu ne za ka ɗora zare, na banzan. Faifai biyun su zama girmansu ɗaya, kuma idan injin yana da maɓallin zaɓar babban faifai ko ƙarami, sa shi daidai, don shi yake auna ƙarfin ja. Saurara na minti biyu kana kallon zaren, ba mita ba. Ya wuce a miƙe, ba ya hawa ko sauka a jikin kafstan, gefensa ba ya lanƙwashewa a jikin sanduna. Idan kana jin "shap, shap" a kowane zagaye, faifan ne ya karkace yana shafar gefen zare, ko mazauninsa bai zauna daidai tsayi ba.

Sannan tura gaba a guje, danna tsayawa. Mayar baya a guje, danna tsayawa. Yi haka a farkon faifai, a tsakiya, da kusa da ƙarshe. Birki mai lafiya yana tsayar da duka biyun cikin ɗan lokaci, zare yana nan a ɗame ba tare da ya miƙe ba. Ƙa'idar ita ce faifan da ke sakin zare ya fi wanda ke naɗewa kama birki. Idan zare ya zubo ya yi lilo, birkin mai saki ya yi rauni. Idan an yi fizga, wani ya cije fiye da kima. Buɗe ka duba: yawanci ɗamarar ƙarfe ce ta zagaye ganga, da shafin ƙyalle ko auduga matsattsiya a tsakaninsu. Wanke gangar da ɗamarar, kada yatsa mai maiƙo ya taɓa su, kada kuma ɗamarar ta tanƙware. Shafin da ya cinye a sauya shi. Saitin ƙarfin birki da ƙaramin sikeli mai sifirin ake yi, a naɗa igiya a faifai a ja, a kwatanta da lambar da littafin ya bayar. Haka ma ƙarfin matsin rola.

Gudun inji ana iya gwada shi ba tare da na'ura ba. A gudun inci 7½ a daƙiƙa, wato santimita 19, zare mai tsawon mita 11.43 minti ɗaya cif yake ɗauka ya wuce. Auna wannan tsawon a zaren banza, yi alama a farko da ƙarshe, ka riƙe agogo.

Shi kansa zaren

Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, zaren ne mara lafiya, kuma zare mara lafiya yana iya toshe hed ɗin da ka wanke cikin minti ɗaya. Saboda haka kowane tsohon faifai sai an duba shi kafin ya hau.

Ɗaga faifan ka hanga ta gefensa zuwa haske. Idan haske yana ratsa naɗin zaren, asitet ne, irin na shekarun 1950 da 1960. Idan duhu ne, foliyesta ne. Asitet ba ya miƙewa, tsinkewa yake yi ƙas, wanda a wani fannin gara haka, don tsinkakke ana haɗa shi. Idan ka buɗe kwalinsa ka ji tsami kamar ruwan kal, ya fara ruɓewa, ware shi daga sauran ka yi gaggawar kwafe shi. Wanda ya yi fumfuna, fari-fari a gefen naɗi, kada ka busa shi da baki, kada ka ɗora shi a inji sai an tsaftace shi.

Babbar cutar ita ce ta danƙo. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980 an yi zare da wani gam na foliyuretan da ke riƙe hodar ƙarfen a jikin leda. Gam ɗin yana shan danshin iska yana narkewa a hankali. Ampex 406 da 456 da Scotch 226 suna cikin waɗanda aka fi sani da ita, yawancinsu masu baƙin baya ne mara sheƙi. Alamominta ba sa ɓuya: zare yana ƙara kamar ƙyauren da ba mai, gudu yana raguwa har inji ya tsaya, baƙin danƙo yana taruwa a kan hed da sanduna. Da ka ji wannan ƙarar, tsaya. Kowace daƙiƙa da ka ƙara, muryar ce kake kankarewa. Tun kafin a kai ga haka ma, warware ɗan zaren da hannu a hankali. Lafiyayye yana zubowa da kansa, mai danƙo yana manne wa na ƙarƙashinsa.

Maganin, duk da ban mamakinsa, shi ne a gasa zaren. Ana sa faifan a na'ura mai riƙe zafi daidai, wajen digiri 50 zuwa 54 a ma'aunin Salshiyas, na sa'o'i takwas ko fiye ga zare mai faɗin rubu'in inci, sannan a bar shi ya huce da kansa har kwana guda. Na'urar busar da kayan lambu mai fanka, da ma'aunin zafi na daban a ciki, ita mutane suka fi amfani da ita. Obin na girki zafinsa yana tsalle, na gas kuma danshi yake fitarwa, makirowef kuwa kashe zaren zai yi. Gashin ba warkewa ba ce ta dindindin, 'yan kwanaki ko makonni yake ba ka ka kwafe abin da ke ciki. Asitet ba a gasa shi ko kaɗan, lalacewa zai yi. Akwai kuma wasu da suke ƙara alhali ba wannan cutar ba ce, gashi ba ya yi musu komai. Idan abin da ke kan zaren ba shi da na biyu a duniya, ni shawarata a kai wa ƙwararrun adana sauti, kada a koyi gashi a kansa.

Wajen ɗorawa, fuskar da ke da hodar ce take kallon hed. A tsohon zare ita ce mara sheƙi. A mai baƙin baya abin ya juye: baƙin mara sheƙi shi ne baya, mai ruwan ƙasa mai ɗan sheƙi ita ce fuska. Wanda ya ɗora a juye zai ji murya can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, ya hau zargin hed.

Idan zare ya tsinke, ɗora bakin biyu a kan katakon haɗi, yanka su tare a karkace da reza, manna da salatif na haɗin zare a bayan, ba a fuskar ba. Salatif na ofis gam ɗinsa yana tsatsowa ya manne naɗin da ke kusa. Tsofaffin haɗe-haɗe ma sukan saki, don haka karon farko a juya tsohon faifai a hankali.

Abin da kunne yake gaya maka

Sauti ya dushe, babu kaifi: hed ne da datti, sake wankewa kafin komai. In bai gyaru ba, sai a yi zargin ramin hed ko karkacewarsa. Murya tana lilo a hankali, ta hau ta sauka: rola, bel, ko birkin da bai saki gaba ɗaya ba. Murya tana karkarwa da sauri: kafstan da datti ko mazauninsa ya bushe. Sifika ɗaya tana ɗaukewa tana dawowa idan ka taɓa maɓalli: tsatsa ce a makunnai, fesa musu ruwan wanke makunni ka yi ta murɗawa sau ashirin ko talatin. Wannan kaɗai yana warkar da injina da yawa da aka ce sun mutu. Gunji mai kauri da ba ya canzawa ko an rage murya: manyan kafasitocin tace wuta. Ƙarar tsartsatsi kamar ana taka busasshen ganye, ko babu zare a kai: galibi taransista ce, kuma mai lamba 2SC458 da ke cikin injinan Akai da wasu na Japan ta yi suna a wannan.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace. Idan kana jin wata murya tana magana da baya a ƙarƙashin ta gaba, zaren mai layi huɗu ne ka ɗora a inji mai layi biyu, hed ɗin yana karanta gefe biyun a tare. Idan murya ta yi sauri ko nauyi ninki biyu cif, gudun ne ba daidai ba, sauya tsakanin 3¾ da 7½ da 15. Idan kaifi ya ɗan yi yawa ko ya ɗan gaza a kan wasu faya-fayai kawai, mai yiwuwa da tsarin daidaita kaifin sauti na NAB na Amurka aka ɗauka kana saurara da IEC na Turai, ko akasin haka.

Cire maganaɗisu

Da daɗewar aiki, hed da sanduna sukan riƙe ɗan maganaɗisu, wanda ke ƙara huci a sauti, yana kuma shafe kaifin duk zaren da ya wuce. Akwai na'urar cire shi, mai baki kamar alƙalami. Kashe injin, wannan wajibi ne. Kwashe duk wani zare zuwa nesa, mita biyu ko fiye. Tabbata bakin na'urar yana da rufin roba. Kunna ta tun kana nesa da injin kamar mita ɗaya, matso a hankali, zagaya gaban kowane hed da sanda ba tare da gaggawa ba, ja baya a hankali har inda ka faro, sannan ka kashe. Idan ta mutu a kusa da hed, ko wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki, ka ƙara masa maganaɗisun ne fiye da da, sai ka sake daga farko. Nisanta ta da mitocin gaban inji. Ba kullum ake yi ba, bayan sa'o'i masu yawa na aiki ko kafin saiti ya wadatar.

Notunan da aka ɗiga wa fenti

A kewayen kowane hed akwai ƙananan notuna, galibi da ɗigon jan fenti ko kore a kansu. Fentin saƙo ne daga wanda ya saita su. Suna riƙe tsayin hed, da jinginarsa gaba ko baya, da kuma azimut, wato tsayuwar tsagar hed a miƙe sak a kan hanyar zare. Kwata na juyi a notin da bai dace ba ya isa ya ɓata saitin da zai ci maka yini. Kada ka taɓa su sai kana da zaren gwaji na asali, mai ɗauke da sautukan awo da aka riga aka ɗauka daidai, irin wanda kamfanin MRL yake yi, wanda ya dace da gudun injinka da tsarinsa.

Idan kana da shi, ga jerin. Wanke, cire maganaɗisu, sannan ɗora zaren gwajin. Fara da ɓangaren sauraro. Sa sautin 1 kHz ka daidaita ƙarfin fita. Sa na 10 kHz ka murɗa notin azimut kaɗai, kaɗan-kaɗan, da sukurdireba mara maganaɗisu, har sauti ya kai ƙololuwa a layi biyun. Mai osiloskof, na'urar da ke zana sauti a allo, zai haɗa layi biyun ya nemi siririn layi a karkace, ya fi daidai. A kula, akwai ƙananan ƙololuwa na ƙarya a gefe da gefe, babbar ake nema. Sai sauraro ya zauna sannan a cire zaren gwaji, a ajiye shi nesa da maɓallin ɗauka, a ɗora sabon zare a koma ɓangaren ɗauka.

A nan ake saita bayas, wani sauti mai tsananin siranta da kunne ba ya ji, sau da yawa sama da 100 kHz, da ake gauraya wa murya lokacin ɗauka don kada ta fito a murguɗe. Kowane irin zare da adadin da yake so. Ana ɗaukar 10 kHz ana saurara a lokaci guda, a ƙara bayas har sauti ya kai ƙololuwa, a ci gaba da ƙarawa har ya sauko da adadin desibel da takardar zaren ta faɗa. Shi ya sa ya fi sauƙi mutum ya zaɓi zare iri ɗaya ya zauna a kansa. Har yanzu ana yin sabo: Recording The Masters a Faransa suna yin SM911 da LPR35, ATR Magnetics kuma a Amurka. Wanda sauraron tsofaffin faya-fayai kawai yake so, bayas bai shafe shi ba sam.

Bayan ya tashi

Inji da ke aiki ya fi wanda ke ajiye lafiya. Kunna shi ko sau ɗaya a wata, ya juya na rabin sa'a, don mai ya zagaya, roba kuma kada ta kwanta a gefe ɗaya. Wanke hanyar zare bayan kowane sa'o'i kaɗan na aiki, da kuma bayan kowane tsohon faifai. Kada ka bar shi a kashe rola tana matse da kafstan, za ta lotsa a wurin. Rufe shi daga ƙura idan ya huce.

Faya-fayan kuma a jera su a tsaye cikin kwalayensu, a wuri mai sanyi mara danshi, nesa da sifika da taransifoma. Idan ka gama sauraro, kada ka mayar da zaren baya a guje ka ajiye, don naɗin gudu yana fitowa da gefuna a waje, su ne suke tanƙwarewa. Bar shi ya naɗe a faifan dama da gudun sauraro, ka manne bakinsa, ka rubuta a kwalin cewa sai an mayar baya kafin a saurara. Wannan naɗin ya fi lafewa, kuma inuwar murya da ke tsallakawa daga wani naɗi zuwa na kusa da shi za ta faɗo bayan maganar ne, inda kunne bai cika kama ta ba. A jikin kwalin ka ƙara gudun da aka ɗauka, da yawan layi, da NAB ne ko IEC, da ranar da aka gasa shi idan an gasa.